ƊAN KASAWA: SARKIN DA YAƘI YA KORA, MARAƊI TA KARƁA

A yau filin namu na tarihin magabata ba zai yi nisa ba, a gida zai tsaya. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar fadar Maraɗi ranar hawan salla ya tsaya a filin Ɗan Kasawa, kuma da yawa daga cikinmu mun yi salla a masallacin da ke ɗauke da wannan suna. Sai dai in aka tare mutum goma a babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a aka tambaye su ko wane ne mai sunan, galibi amsar ba za ta wuce cewa wani sarki ne na da ba. Gaskiya ne sarki ne, amma kafin ya zauna a Maraɗi sai da ya yi kimanin shekara 12 yana gudun hijira, shi da jama'ar da yaƙi ya raba da gidajensu da gonakinsu da rumfunansu. Labarinsa labarinsu ne, kuma da yawa daga cikinmu jikokinsu ne.

Asalinsa da Katsinar da ya tashi a ciki

Ɗan Kasawa ɗan gidan sarautar Katsina ne, gidan da ke lissafin sarakunansa tun daga Muhammadu Korau. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Agwaragi, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18, ya kuma sha gwabzawa da Gobirawa. A lokacin ƙasar da muke zaune a cikinta yau, wato kwarin Gulbin Maraɗi, yanki ce ta arewacin ƙasar Katsina, kuma sunan Maraɗi kansa sunan wata sarauta ce ta fadar Katsina.

Katsinar wancan zamani ita ce uwar kasuwannin ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas da Tarabulus a can suke sauke kaya, su ɗauki fatu da tufafi da sauran hajoji su koma arewa. Fatake masu zuwa Gwanja neman goro su ma suna da masaukai a birnin. Ga kuma ilimi, domin garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne, ga hasumiyar Gobarau tsaye a tsakiyarsa. A cikin wannan wadata Ɗan Kasawa ya girma, a matsayin ɗan sarki wanda ake yi wa zaton wata rana zai iya gadon gidansu.

Sai dai ba kowa ne ke jin daɗin wannan zamani ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan ƙasar Hausa da su, kuma da yawa sun shafi talaka da ɗan kasuwa kai tsaye: jangali a kan makiyaya, gaisuwar dole kafin a ga mai mulki, tawasa da ake karɓa a hannun mahauta, da ɗibar kayan mutane a kasuwa ba tare da biya ba. Wannan ne ya sa lokacin da jihadi ya tashi a Gobir a 1804, aka samu mutane da dama a cikin ƙasar Katsina kanta, Fulani da Hausawa, waɗanda suka mara masa baya.

Faɗuwar birni

Malamai uku ne suka jagoranci yaƙin a ƙasar Katsina: Umarun Dallaji, da Muhammadu Na Alhaji, da Umarun Dumyawa. Yaƙin ya zo tare da yunwa, domin wanda ke gudun ransa ba ya noma, kuma duk rundunar da ta ratsa ƙauye sai ta buɗe rumbu. Da aka kewaye birnin Katsina aka tare hanyoyin shigar abinci, abin ya kai inda hankali ba ya ɗauka. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Katsina a 1851, kuma ya rubuta abin da ya ji a can: cewa a lokacin kewayen an sayar da mushen ungulu a kan wuri 500, ƙadangare kuma a kan wuri 50.

Ku da kuke auna hatsi da tiya kullum kun fi kowa sanin ma'anar wannan farashi. Ranar da ƙadangare ya samu kuɗi a kasuwa, to gero ya riga ya ƙare, dawa ta ƙare, dusa ma ta ƙare. Tarihi ya riƙe sunayen sarakuna da malaman da suka yi yaƙin, amma matar da ta fita da 'yan wurinta tana neman abin da za ta sa wa 'ya'yanta a baki, ita ce ta fara biyan kuɗin wannan yaƙi, kuma ita ce ba a yi wa kirari.

A 1807 birnin ya faɗa hannun masu jihadi. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fita da sauran jama'arsa ya nufi arewa, zuwa Ɗankama. A can aka sake gwabzawa, aka ci su, kuma sarkin ya faɗa rijiya, a nan ya cika. A wannan wuri, cikin gawarwaki da kukan marayu, ragowar manyan fada suka naɗa Ɗan Kasawa Sarkin Katsina. Sarauta ce ba gari, ba fada, ba taska. Abin da aka danƙa masa kawai shi ne mutanen da suka tsira, da nauyin samar masu wurin kwana.

Ba Katsina kaɗai abin ya shafa ba. A Kano an kori Sarki Alwali, aka kashe shi a Burumburum. A Gobir an ci Alƙalawa a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. Mu da ke zaune a unguwar Zariya ya kamata mu san cewa ita ma Zariyar Nijeriya, wadda muke da suna ɗaya da ita, sarkinta Muhammadu Makau kudu ya gudu da jama'arsa, kuma ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja na asali a 1828, wanda yau ake kira Suleja. A ɗaya ɓangaren ma an zubar da hawaye. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, a ƙarshen 1804, jama'ar Shehu sun rasa kimanin mutum 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Kowane gida ya yi zaman makoki.

Shekarun gudun hijira

Daga Ɗankama Ɗan Kasawa ya ja jama'arsa gabas zuwa Damagaram, wadda a lokacin take ƙarƙashin Barno. Sun yi kamar shekara biyu a can, sannan suka dawo yamma kaɗan suka zauna a Gafai, a kan iyakar Damagaram da ƙasar Tasawa, inda suka shafe wajen shekara goma.

A nan ne halin mutumin ya fito. Ɗan sarkin da ya saba a faɗi a gaishe shi ya koma baƙo a ƙasar wani, yana zaune da izinin mai ƙasa. Masu iya magana kan ce baƙo raɓa ne, kuma ɗan gudun hijira ya fi kowa sanin haka, domin ko rijiya zai je sai masu gari sun gama ɗiba. Abu mafi sauƙi a irin wannan hali shi ne jama'a su watse, kowa ya kama gabansa, wasu su narke cikin Damagarawa, wasu su koma su yi mubaya'a. Ɗan Kasawa bai bar hakan ta faru ba. Ya riƙe sarautun Katsina yadda suke, Ƙaura yana Ƙaura, Galadima yana Galadima, ko da kuwa a bukka ake zaman fada. Ya riƙe sunan Sarkin Katsina, kuma har yau da wannan suna ake kiran mai sarautar Maraɗi.

Kuma kada mu manta da waɗanda suka ɗauki nauyin waɗannan shekaru a kansu. Yaran da aka goyo daga Ɗankama a Gafai suka yi wayo. Matan da mazansu suka faɗi a fagen fama su suka yi daka da surfe da kaɗi da ƙananan sana'o'i har marayun suka zama mutane. Duk wadda ta taɓa riƙe gida ita kaɗai da cinikin ƙosai ko fura ta san cewa ba takobi ne ke ciyar da jama'a shekara goma ba.

Yadda ya shigo Maraɗi

A wannan lokaci kwarin Maraɗi yana hannun sabbin masu mulkin Katsina, kuma wakilinsu a nan wani mutum ne mai suna Mani. Mazauna kwarin galibi manoma ne da mafarauta, waɗanda ake kira Anna, kuma tarihin baka na ƙasar nan, wanda wani jami'in Faransa mai suna Landeroin ya tattara lokacin aikin shata iyaka a farkon ƙarni na 20, ya nuna cewa sun ji jiki a hannunsa. Da tura ta kai bango sai suka aika wa Ɗan Kasawa a asirce cewa ya zo. Shi kuwa, da yake ya ga abin da ya faru a Ɗankama da idonsa, bai yi gaggawar jefa ragowar mutanensa cikin wata halaka ba, sai da ya tabbatar da gaske suke. Wajen 1819 mutanen kwarin suka tashi suka kashe Mani, sannan Ɗan Kasawa ya taso daga Gafai ya shigo Maraɗi. Rundunar da aka turo daga Katsina don ta murƙushe tawayen ba ta yi nasara ba.

A lura da wannan da kyau, domin shi ne tushen garinmu. Ɗan Kasawa bai ci Maraɗi da yaƙi ba, masu ƙasa ne suka kira shi suka buɗe masa ƙofa. Ɓangare ɗaya na da gona da daji da sanin ƙasa, ɗaya ɓangaren na da dawaki da tsarin sarauta da sanin fatauci. Haɗuwar mai masauki da baƙo ita ta mayar da ƙaramin gari a bakin gulbi ya zama babban birni.

Wurin ma ya taimaka. A lokacin kwarin cike yake da kurmi mai duhu wanda mahayan dawaki ba sa iya kutsawa cikin sauƙi, ga ƙasa mai albarka wadda har yau muke cin amfaninta, kamar yadda duk mai sarin kayan lambu daga Jiratawa zai shaida. Labari ya bazu, sai Katsinawan da suka warwatsu suka riƙa tahowa iyali-iyali. Ɗan Kasawa ya tsara fada irin ta Katsina, da manyan 'yan majalisa huɗu masu zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi. Aka kuma ci gaba da sarautar Iya, babbar mace ta gidan sarauta mai kula da al'amuran mata. Wanda ya san Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Ƙaura a Katsina, in ya zo Maraɗi ya ji waɗannan sunaye, zai gane cewa mutanen da ba su iya ɗauko ganuwarsu ba sun ɗauko sunayenta.

Wani abin lura kuma shi ne yadda ya yi da Gobirawa. Mahaifinsa ya yi rayuwarsa yana yaƙi da su, amma da masifa ɗaya ta haɗa su, sai ya ajiye tsohuwar gaba ya ƙulla ƙawance da su. Wanda ya ɗanɗani gudun hijira ya san zafinta a jikin wani.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ɗan Kasawa ya rasu wajen 1830, bayan kimanin shekara goma a Maraɗi, ba tare da ya sake mallakar birnin da aka naɗa shi da sunansa ba. Rauda ne ya gaje shi. A 1836 Rauda da Sarkin Gobir Ali, tare da Buzayen da suka mara masu baya, suka haɗu da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Sarakunan biyu duk a nan suka faɗi, tare da dubban mutanensu. Ragowar Gobirawa, ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tibiri a nan kusa da mu da taimakon Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda. Ashe ke nan Maraɗi da Tibiri duka biyu 'yan gudun hijira ne suka raya su.

Gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta: yaƙin da ya biyo baya bai bar kowa da hannu mai tsabta ba. Shekara da shekaru, har zamanin Ɗan Baskore, wanda muka yi karatu a lisen da ke ɗauke da sunansa, da rani ya yi sai dawaki su fita, daga nan zuwa kudu ko daga kudu zuwa nan. A ƙone ƙauyuka, a kwashe dabbobi, a kama mata da yara a sayar. Wanda aka kama daga can Bahaushe ne ko Bafulatani mai salla, wanda aka kama daga nan ma ɗan uwansa ne. Yaƙe-yaƙen shekarun 1840 sun mayar da garuruwa da dama na yankin Ruma kufai, daji ya cinye su. Duniya kuma juyi-juyi ce: Sarkin Katsina Siddiƙu, ɗan Umarun Dallaji, da aka tuɓe shi a 1844, wannan ɓangaren namu ya gudo neman mafaka.

Kasuwa ma ta biya nata kason. Barth ya tarar da ganuwar Katsina mai kewayen fiye da kilomita 20, wadda ya ƙiyasta ta taɓa ɗaukar mutum 100,000, amma mazaunanta a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Manyan fatake sun kwashe sun koma Kano, saboda dukiya ba ta kwana inda ake jin ƙarar kofato. Masu jihadi sun samu birnin, su Ɗan Kasawa sun samu kwarin, amma cinikin da ya ɗaukaka Katsina ya kuɓuce wa dukansu. Ita kanta Maraɗi ba ta zama garin Alhazai ba sai da takubba suka koma kube, aka shiga cinikin gyaɗa, sannan bayan ambaliyar 1945 gari ya tashi daga kwari ya hau tudu, inda daga baya unguwanni irin su Sabon Gari da Zariya suka samu.

Abin da ya rage gare mu

Me ya sa muka ɗauko wannan tarihi yanzu? Saboda hanyar da kakanninmu suka biyo ba ta rufe ba. A watan Satumba na 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa cikin wata goma mutum fiye da 40,000 sun tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga, kuma mafi yawansu mata ne da yara. Ƙauyukan yankin Gidan Runji ne suka fara tarbarsu, suka raba ɗan abin da ke rumbu da su, kafin a mayar da wasu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu kuma sun shigo cikin gari. Mun gan su a nan Zariya suna bin gidaje neman wankau ko surfe, mun gan su a bakin kasuwa da goyo suna tsintar hatsin da ya zube.

In muna son mu girmama Ɗan Kasawa da mutanen da suka mutu a Katsina da Ɗankama da Gawakuke, da ma waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren, ba sai mun jira gwamnati ta gina wani abu ba. Girmamawar tana cikin rumfunanmu. Kada mu ga mace baƙuwa ce, ba ta san gari ba, mu tauye mata tiya ko mu ƙara mata kuɗi. Kada mu ba ta aiki mu biya ta rabin abin da muke biyan 'yar gari don mun san ba ta da wanda zai tsaya mata. Wadda Allah Ya hore wa, ta ba ta kayan miya ko gyaɗa bashi ta je ta juya, ta kawo uwar kuɗi ta riƙe riba, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu ranar da muka fara. In ana adashe a sa ta. In ɗiyarta ta isa makaranta a nuna mata hanya. Manyan 'yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah game da ɓoye hatsi lokacin da hanya ta rufe, domin mun ga yadda farashi ya yi da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, kuma tarihin ungulu mai wuri 500 ya isa wa'azi.

Sannan mu kiyaye harsunanmu. A kasuwa ake fara jin cewa ƙabila kaza ce ta jawo, ko mutanen gari kaza duk ɓarayi ne. Shekara 200 da suka wuce irin wannan rabuwa ta cinye zuriya bayan zuriya tsakanin Maraɗi da Katsina, garuruwan da tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya. Yau muna aurayya, muna sari a Jibiya, suna sari a nan, motoci na bin Ɗan Isa dare da rana in hanya na buɗe. Wannan zaman lafiya da tsada aka saye shi, kuma waɗanda suka biya ba su ci moriyarsa ba.

A ƙarshe muna roƙon iyaye mata, ranar da kuka kai yara kallon hawa a filin Ɗan Kasawa, ku gaya masu wane ne shi. Ku gaya masu an naɗa shi ne a bakin rijiyar da ta ci wanda ya gada, ya yi shekara 12 a ƙasar mutane, kuma talakawan kwarin nan ne suka buɗe masa ƙofa. Allah Ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.